Wasan da Mushe Lawali ya bar mini na mayar da shi kan allo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Mushe Lawali (Mushe muke ce wa malami namiji a wajenmu), malaminmu a makarantar horar da malamai a nan Damagaram, kuma wanda na gaji kujerarsa. Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru, amma bana shirun ya ƙi zama.

Shi ne yake koya mana yadda ake sa yara motsa jiki da wasannin taro. Bai san aji ba. Yakan kora mu filin yashi, mu da muke ganin mun zama manya, ya sa kowa ya kama ƙafa guda mu yi langa, mutanen Birni suna wucewa suna dariya. Na tsani wannan awa, ba zan ɓoye ba. Doka ɗaya gare shi: ba a fitar da yaro daga wasa don ya faɗi. Yakan ce, "Wanda ya fara faɗuwa shi ya fi kowa bukatar wasan. Kun zaunar da shi, yaushe zai iya?" Sai ya sauya ƙa'idar nan take, wanda ya faɗi ya taɓa bango ya dawo.

Da aikin ya dawo hannuna na ce gwiwa tana damuna, kuma rana ta yi yawa. Gaskiyar magana, babbar riga ce ba na son cirewa gaban ɗalibai. Har yau a kan allo nake zana filin da alli, ɗalibai su kwafe, su ci jarrabawa da maki mai kyau. Da Mushe Lawali zai leƙo ta taga ya ga ana langa a zaune, ban san inda zan sa fuskata ba.

Watan jiya na je Zermu duba wata ɗalibata, Madam Zainabu, da ke riƙe da ƙananan yara a wata lakwal, wato makarantar firamare. Ta fito da su tsalle da ƙafa ɗaya don ta burge ni. Wata 'yar siririyar yarinya ta faɗi tun tsalle na biyu. Madam ta nuna mata gindin itacen bedi, ta je ta zauna, ta rungume gwiwa tana kallon 'yan uwanta. Daga yadda ta tafi ba tare da an maimaita mata ba, na gane can ne wurinta kullum.

Na ce, "Madam, me ya sa kika fitar da ita?"

Ta dube ni da mamaki. "Mushe, ai ta faɗi. Haka ƙa'idar take."

Ba ta yi laifi ba. Ni ne ban taɓa faɗuwa a gabanta ba, balle ta ga an tashe ni an mayar cikin wasa. Na so in kira yarinyar, sai na ji nauyin gyara malama gaban yaranta, na yi tsaye har aka tashi.

Ina ta tunanin me ya rage na Mushe Lawali. Filin yana nan, wasannin ma yara ba su manta ba. Amma nasa na kansa, abin da na samu ya rage shi ne kunyar da ta kama ni a Zermu. Ɗalibaina ba su da ita, don ban ba su ba. In na bar aiki a haka, ba sauran wanda zai ga yarinyar nan a zaune ya ji wani abu.