Gadar da ta raba Rakiya da maganinta

Har gobe ba zan manta da wata Talata a asibitinmu na Sterling, a jihar Virginia, ba. Ni shara da goge-goge nake yi, amma in mai jin Hausa ta zo, ni ake kira in yi tafinta.

Ku sababbin zuwa, ga yadda dokar take. Likita yana iya ganin mara lafiya ta waya ya rubuta magani, amma sai yana da lasisin jihar da mara lafiyan yake ciki a daidai lokacin kiran. Likitarmu lasisin Virginia kawai gare ta.

Rakiya 'yar Maraɗi ce, tana reno a wani gida a Fort Washington ta jihar Maryland, can take kwana. Ta zo gwaji ranar hutunta, aka ga ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wurin miji, ga ta da ciki. Likita ta ce in ba a sha magani ba, yana iya taɓa jaririn.

Kafin sakamakon ya fito ta koma gidan aiki, sai muka kira ta a waya. A ɗakin wanki ta ɓuya tana raɗa, injin yana ƙara don kada matar gidan ta ji.

Likita ta ce, "Tambaye ta ina take yanzu."

"Gidan aiki, Maryland."

Likita ta ajiye biro. Na ce, "Haba likita! Nan aka yi mata gwajin fa. Kogi ne kawai tsakani!" Ta ce lasisinta bai haye kogin ba.

Rakiya ta ce, "Yaya, me na faɗa ba daidai ba?"

Wallahi raina ya ɓaci. Gaskiya ta faɗa, gaskiyar ta hana ta magani.

Da na tashi aiki na ɗauko ɗana wurin reno, jikinsa da ɗan zafi. Na je na ɗauki Rakiya a mota, ta ce wa matar gidan sabulu za ta sayo. Muka haye gada, na tsaya a gidan mai na farko. Muka kira likita, tana jira.

"Ina take yanzu?"

"Virginia."

Nan take aka tura maganin kantin magani. Rakiyar nan ce dai, ciwon nan ne dai, ɗana yana kuka a kujerar baya.

Ban ce a rubuta magani da ka ba. Amma wanda ya tsara dokar nan bai taɓa yin raɗa a ɗakin wanki ba. Ku dai, kafin ku sa wa mace lokacin kira, ku tambaye ta inda za ta kasance, da wanda zai haye da ita.