Noti Shida a Bayan Tartsatsi

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Tartsatsi yake ce masa, har maiɗakinsa idan ta bushi iska. Shekara talatin da huɗu ya yi yana walda a rumfa ɗaya, a bakin titin da manyan motoci ke bi suna girgiza kwanon rufi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, babu rigarsa da wuta ba ta huhhuda kamar rariya ba. Muryarsa kuwa ta saba gasa da ƙarar inji, ko gaisuwa yake yi sai baƙo ya ɗauka faɗa ne.

Aƙidarsa guda ce a duniya: ƙarfe biyu ba sa zama ɗaya sai wuta ta shiga tsakaninsu. Duk abin da aka ɗaure da noti, a wurinsa, jiran ranar kwancewa yake yi. Sai Allah ya haɗa shi maƙwabtaka da Mai Noti, wani dogon mutum siriri marar hayaniya, wanda shagonsa ke cike da gwangwanayen noti manya da ƙanana har rufi. Kullum da rana kwano ɗaya suke sa hannu, kullum kuma sai sun yi.

"Kai ba sana'a kake ba," in ji Tartsatsi, "kana sayar wa mutane matsalar gobe ne."

Mai Noti sai ya gama tauna a natse, sannan ya ce, "Injin waldar taka ma da me aka ɗaure shi?"

Ciwon bayan a hankali ya shigo. Da fari ƙugu ne ke riƙewa da safe, daga baya ƙafar hagu ta fara dindiris. Har ta kai idan ya yi tafiyar da ba ta fi tsallake gida biyar ba, dole ya tsuguna kafin ƙafar ta dawo. Don kada a gane, sai ya riƙa dube-duben ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu. Mutanen kirki kuwa ba sa ƙarewa, duk inda ya tsuguna sai an sami mai taya shi nema. Ranar da asirinsa ya tonu, maiɗakinsa ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi a bakin layi, manya uku suna tona ƙasa da ƙafa a gefensa.

"Maigida, me ya faɗi?"

"Makulli."

"Wanne? Wannan na hannunka?"

Kashegari ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ƙashin wata 'yar mitsitsiyar mace ce mai farin gilashi, wadda ba ta ɗaga murya. Ta manna hoton bayansa a jikin fitila, ta nuna masa da bakin biro: ɗaya daga ƙasusuwan ƙasan gadon baya ya zame gaba, ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafa. Wata biyar aka yi ana magani da gashin ƙashi, babu sauƙin kirki. Rannan ta zaunar da su, shi da maiɗakin, ta ce sai dai tiyata.

"Za mu buɗe wa jijiyar hanya, Baba. Sannan mu sa sanda biyu ta ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, su riƙe ƙasusuwan kada su ƙara zamewa."

Fuskar Tartsatsi ta saki. Rodi dai ai ɗan gida ne. "Madalla. Da me za ki kama shi?"

"Noti shida za mu murɗa a cikin ƙashin."

Maiɗakin ta ja gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Likita," ya ce, da wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba, "babu halin a ɗan ɗiga masa walda?"

"A jikin mutum, Baba?"

Ya ce to, shi dai ba a sa masa abin da bai gani ba. Ta buɗe durowa ta ɗauko samfurin da take nuna wa marasa lafiya. Notin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kansa a buɗe kamar bakin gwafa. Ta nuna masa yadda sandar ke kwanciya a cikin gwafar, da ɗan murfin da ake murɗawa a sama ya danne ta. Tartsatsi ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai shi kusa da ido. Da ya taɓa kan, sai ya ji yana karkata ko'ina.

"Kin gani ko! Tun ba a sa shi ba ya fara girgiza kai!"

Ta ce da gangan aka yi shi haka, domin ƙashin mutum ba a miƙe yake kamar ginshiƙi ba, dole kan ya bi duk inda sandar ta kwanta. Ta ɗora sandar, ta murɗa murfin da ɗan makullinsa, ta miƙa masa ta ce ya motsa shi. Ya sa ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau. Ya ajiye a kan tebur yana harararsa.

"Kuma ba shi ne aikin ba," in ji ta. "Za mu jera ɓarɓashin ƙashi a tsakani. Cikin watanni ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya. Notin riƙewa kawai zai yi kafin jikinka ya gama."

Tartsatsi ya gyara zama. "Wato waldar tana nan, ni ne zan yi abata daga ciki. Shi ɗan riƙo ne."

"Kusan haka."

"To, kin yi magana. Kawo takardar."

A hanyar gida ya sa maiɗakinsa ta yi alkawari Mai Noti ba zai ji ba. Ta ce ai ba ta da bakin faɗa, ba ta dai gaya masa cewa tun suna layin karɓar magani ta buga wa matar Mai Noti waya ba.

Safiyar aikin duk cika bakin ya gudu. An sa masa riga mai igiya a baya, an kwantar da shi a gadon turawa. Maiɗakin ta kama hannunsa, hannun da ta sha gani ya ɗauki ƙarfe da zafinsa. Ya nemi gafararta, ta ce ya yi shiru, babu abin da ya yi mata ban da surutu. A bakin ɗakin tiyata ya yafito likitar, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ki ɗaure da kyau. Amma kada ki wuce ƙa'ida, zaren notin yana cinyewa."

Ta ce ta ji, za ta kiyaye.

Awa huɗu aka yi. Da ya farfaɗo, abin da ya fara gani shi ne Mai Noti zaune a gefen gado, hannu a kan gwiwa, idanu jajur alamar ya sha zaman jira. Ya yi masa sannu, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya zaro wani abu naɗe cikin takarda ya ajiye a kan durowa.

"Mene ne wannan?"

"Sifana ce. Ko da za ka ji wani ya sassauta."

Tartsatsi ya so ya yi ihu, ɗinki ya hana. Dariya ma ta zo, ita ma ɗinki ya hana. Haka ya kwanta hawaye na bin kunnensa yana nuna ƙofa da yatsa.

A kwana na biyu aka ɗaura masa ɗamara, ya taka daga gado zuwa taga. Bayan mako guda yana gida, inda wata sabuwar fitina ta tashi. Da hadari ya haɗo sai maiɗakin ta kore shi daga tsakar gida, wai tsawa ƙarfe take bi. 'Yan dubiya kuma kowa da tambayarsa: wannan yana son ya ji ko yana ƙara idan ya juya, wancan ko ruwan wanka ba zai sa shi tsatsa ba. Maganar tsatsar ta tsaya masa a rai. Ya aika aka ciro masa mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ya kwanta rub da ciki ya ce a ɗora masa. Maiɗakin ta ɗora, abin ya sulale ya faɗi kan katifa. Sau uku ana yi.

Ranar komawa asibiti tun daga ƙofa ya fara. "Likita, an yi mana sauyi! Abin da ke bayana ba ƙarfe ba ne, maye ya ƙi kama shi!"

Sai da ta cire gilashi ta share ido, sannan ta ce masa titaniyam ne, maye ba ya kama shi, ba ya tsatsa, jiki kuma ba ya ƙyamarsa. Tartsatsi ya maimaita sunan sau biyu. Shekara talatin da huɗu bai taɓa sa masa wuta ba, ga shi yana yawo da shi a ƙugu. Daga ranar duk wanda ya ce masa mai bayan ƙarfe sai ya gyara masa.

An hana shi ɗaukar nauyi da sunkuyo, saboda haka ƙanensa, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, ya bar tasa rumfar ya dawo ya riƙe aikin. Tartsatsi yana zaune a kujera mai dogon baya, sambal kamar alƙali, yana ba da umarnin da babu wanda ya nema. Da shekara ta zagayo hoto ya nuna ƙasusuwan sun haɗe. Ya koma walda, amma a tsaye, a kan teburin da ya sa aka ɗaga masa zuwa cibiya.

Wata rana likitar ta kira shi a waya. Akwai wani direban babbar mota mai irin ciwonsa, sau biyu ana sa ranar aiki yana gudu. Ko Baba zai zo ya kwantar masa da hankali?

Ya sa rigarsa mafi ƙarancin huji ya tafi. Ya tarar da wani ƙaton mutum ya takure a kan benci, ya zauna kusa da shi ya fara bayani da muryar rumfa: yadda ake huda ƙashi, tsawon notin, yadda ake murɗawa har ya kama. Kafin ya kai kan murfin, direban ya jiƙe da zufa yana laluben takalminsa da ƙafa. Likitar ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Nan Tartsatsi ya gane ya kwafsa. Ya miƙe, ya ce wa mutumin ya zuba ido. Ya hau matakalar bene har sama ya sauko, ya sake hawa ya sauko, bai dafa komai ba. Ya dawo ya zauna yana haki.

Direban ya daɗe yana kallon ƙafafun Tartsatsi. Can ya ce, "Tsakani da Allah, da zafi?"

"Sosai ma. Kwana uku babu wanda ban ji haushinsa ba, har wanda ya ƙera gadon. Rana ta huɗu na cinye abincina na haɗa da na maƙwabcina."

Direban ya ƙyalƙyale da dariya har bencin yana motsi, sannan ya ce a ba shi biro. Ranar Talata aka yi masa aikin, nasa noti huɗu ne. Da Tartsatsi ya je dubiya bai bar wurin ba sai da ya tabbatar mutumin ya san cewa shi shida gare shi.