Ranar da Baba Ya Tsaya Ƙarƙashin Ganga

Har yau, in na ji warin kwalta a jikin igiya sai in tuna hannun Baba. Allah Ya jiƙansa.

Muna zaune a Água de Meninos, wata unguwa a bakin teku, a ƙasar da Turawa suka tsallako da iyayenmu bauta. Baba bawa ne, shi ke kula da igiyar da ake jan kaya da ita daga gaɓa zuwa garin tudu. Igiyar tana bi ta kwarin wani faifan katako mai juyawa, kwarin kuwa daidai kaurinta.

Wata damina igiyar ta tsinke. Ubangidansa ya ce idan ba ta gyaru ba, ga masu gonar rake zai sayar da shi. Wanda aka kai can, ba a sake ganinsa. Inna ta bar girki, ta ja ni muka tafi wurin igiyar.

Abokan aikinsa suka ce ya ƙulla kawai. Baba ya ce, "Ƙulli ba ya shiga kwari, 'yan'uwa. Zai cije a sama, kaya su dawo kanku."

Ya warware bakin kowace igiya da nisa, ya cusa silin wannan tsakanin na waccan. Sai ya riƙa zare sili guda yana kwantar da na ɗaya igiyar a gurbinsa, kamar mai kitso. Ya yi haka hagu, ya yi dama, don kada mahaɗar ta taru wuri guda. Ya rage wa bakunan kauri da wuƙa, ya soke su ciki da ƙaho mai tsini, ya murza da ƙafa. Bakinsa na salati.

Al'adarsu, wanda ya haɗa igiya shi ke tsayawa ƙarƙashin kayan farko. Aka ɗaura gangar man ja. Baba ya gyara hularsa, ya shiga.

"Malam, matsa kaɗan mana," in ji Inna.

"Haba, ki bari in sha inuwa."

Igiya ta yi ƙara, farcen Inna ya nutse a kafaɗata. Mahaɗar ta isa faifan, ta wuce sumul! Ganga ta hau tudu, maza suka yi kabbara. Ba a sayar da Baba ba; a hannunmu ya cika.

Yanzu jikokina Yarbanci da yaren Turawan nan suke yi, Hausa sai gaisuwa. Guntun igiyar mai mahaɗar, wanda Baba ya yanko da ta tsufa, yana cikin akwatina. Nakan miƙa musu in ce su nuna mini inda aka haɗa. Su laluba, su laluba. Har yau babu wanda ya gano.