Akuyoyina Biyu da Katin Hoto

Daga gida zuwa Ɗambatta

Ranar Talata muna idar da sallar asuba muka fito, biyar da rabi, ni da jikata Rabi. Ita ke haɗa bidiyon biki a kwamfuta, ita ce kuma ke rubuta wannan da nake faɗa. Wani abu da suke kira katin hoto ya ƙone a injin nata, ga bikin 'yar Mai Unguwa a ciki, ran Juma'a za a zo karɓa. In bai fito ba, ba mai sake ba ta aiki a karkarar nan. Na sayar da akuyoyina biyu. Kuɗin akuyata kuwa ba ya zuwa Kano ba ni.

Babur ya ratsa da mu gonakin dawa, minti ashirin sai ga mu a tasha.

Ɗambatta zuwa Kano

Bas ta cika bakwai saura kwata. Kwandasta ya ce, “Inna, ɗan matsa.” Na ce, “In matsa ina, cikin ƙarfe?” Shinge biyu muka wuce. A na biyu ɗan sanda ya tambayi abin da na rungume a zani. Na buɗe masa mataccen katin. Ya juya shi ya ce rediyo ce? Na ce ni ma da haka na zata.

Kano

Takwas da rabi adaidaita sahu ya sauke mu a layin masu kwamfuta. Ban san rubutu ba, amma ina da ido. Shago huɗu muka shiga, iri uku na gani: mai baƙin kwali, mai fari, da mai ruwan goro. Baƙin ya cika kanta, duk wanda ya shigo shi yake tambaya, shi ne kuma zai cinye akuya biyun kaf. Farin akuya da rabi. Mai ruwan goro akuya ɗaya, yana can sama ba mai taɓa shi.

Mai shago ya ce, “Hajiya, ɗauki mai ruwan goro ki koma gida da canji.” Na ga idon Rabi ya kwanta a kai. Na ce, “Ina mai gyaranku yake zama?” Mijina marigayi Malam da zai sayi injin niƙa, wajen bakanike ya fara zuwa, ba wajen mai sayarwa ba.

Mai gyaran, Malam Ɗanlami, yana ƙarƙashin bene da kwandon katunan da suka lalace. Na tsuguna na tona. Baƙin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na ce wa Rabi shi ke nan, an gama da shi.

Ya yi dariya. “Inna, shi ya fi yawa a gari, dole ya fi yawa a kwandona.”

Gaskiya ce kuwa. Sai na ce, “To wanne ne in ya zo nan yake komawa gida?”

Ya ce baƙin, don fankarsa da kayan gyaransa suna ko'ina. Mai ruwan goro in fanka ta tsaya sai an jira daga ƙasar waje. Farin lafiya lau, amma shan wuta gare shi, solar Rabi ba za ta ɗauka ba.

Rabi ta ce, “Kaka, ba za ki rage ko ƙafar akuya ba fa.” Na ce na sani. Muka ɗauki baƙin. Sai da aka kunna shi a gabana, aka rubuta takardar garanti ta wata shida, sannan na kwance lalita. Muka ci ɗanwake, muka yi azahar.

Komawa

Biyu da kwata muka tashi, la'asar muna gida. Rabi ta saka katin a injin. Gilashin kwamfutar ya yi baƙi, ya daɗe, sai ga amarya ta fito tar, har zanen lallenta. Can a gefe kuma ga ni ina hararar mai rabon shinkafa. Na ce ta cire ni. Ta ce kuɗina ne suka fito da ni, ba ta isa ba.

Ran Alhamis, tun ba a zo karɓa ba, ta kai wa Mai Unguwa aikinsa, ta dawo da aikin biki biyu a hannu. Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Malam Ɗanlami, Allah ya yi wa sana'a albarka.