Ranar da Muka Kai Baba Sale Kabari da Ransa

Har gobe ban manta da ranar da muka kai Baba Sale bakin kabari da ransa ba. Lokacin ni ne mai riƙe kyamara a wani ƙaramin kamfanin fim na Parakou. Sabon ɗauka ne ni, umarnin darakta a wurina ba ya da na biyu.

Fim ɗin na wa'azi ne, an shirya shi don mutane su tuna mutuwa su yi kuka. Baba Sale, wani tsohon tela, shi ne gawa. Ga wanda bai san aikin ba, dokar ɗaya ce: ɗan wasa ba ya motsi, mai kyamara ba ya kashewa, sai darakta ya ce "Kupe!", wato a tsaya.

Daraktanmu Alhaji Musa ya zaɓi Partago ta ƙasar Djougou, don hanyar tana kyau a hoto. Bai tambaya ko ranar kasuwa ce ba. Muka naɗe Baba Sale a likkafani, muka ɗaure tamau, mutanenmu huɗu suka saɓa makara.

Mun manta cewa a wajenmu Musulmi ba ya ganin makara ya wuce. Mai goro ya rufe faifansa ya karɓi kafaɗa ɗaya. Masu babur suka jingine baburansu. Kafin mu ankara, mutanenmu huɗu suna baya hannu banza, makara ta nufi maƙabarta, samari sun ruga gaba da diga.

Na ce, "Alhaji, a tsaya mana!"

Ya ce, "Ina za mu sake samun taro irin wannan? Kontinye!"

Wato a ci gaba. Na ci gaba da ɗauka. Liman ya sallace shi. Baba Sale, mutumin kirki mai bin doka, ko yatsa bai motsa ba. Sai da aka ciccibe shi za a saka a rami, wata murya ta fito daga cikin likkafani a ladabce: "Alhaji, don Allah ka ce kupe."

Takalman da aka bari a maƙabartar nan sun cika buhu.

Fim ya fito, ba wanda ya yi kuka. Gemun audugan 'yan wasa na zamewa, jinin kuma kowa ya ga tumatir ne. Amma har yau samarin Parakou suna tura wa juna shi a waya, sun haddace shi kaf. Ni dai kunyarsa nake ji, ba don gemun ba, don ban kashe kyamarar ba. Ku matasa, ranar na koyi cewa a wannan sana'a wanda ya fi biyayya shi ake fara binnewa.

Bara Baba Sale ya rasu da gaske. Da aka kwantar da shi a ramin, ba wanda ya taɓa ƙasa. Alhaji Musa, ya tsufa yana dogara sanda, ya sunkuya ya ce a hankali, "Kupe."

Muka jira. Mun daɗe muna jira.