Lungun da na ɓoye wa baƙi

Ba a daɗe da komawar soja bariki ba, wasu ma'aikata suka zo Yakasai za su rubuta lungunan da ruwa ke ci da damina, don a yi musu magudana. Baƙo ba ya ratsa cikin birni shi kaɗai, sai mai unguwa ya haɗa su da ni, tunda na taɓa firamare.

Akwai wani lungu a bayan gidanmu, bakin kududdufi. In ruwa ya sauka, sai an jera duwatsu kafin a fito da gawa. Ranar kuwa wari yake yi. Kunya ta kama ni, kada su koma ofis su ce 'yan birni ƙazamai ne. Sai na kewaya da su ta wajen masu ɗinkin hula, inda aka share aka yayyafa ruwa. Suka sha fura, suka yaba, suka tafi. Aka haƙa wa wasu lunguna magudana, wancan ba a taɓa shi ba. Katangu sun zube ina gani, ban buɗe baki ba.

Bara wata malamar sakandare, 'yar maƙwabcina, ta buɗe wa 'yan unguwa guruf a waya. Ta samo jerin ayyukan da gwamnati ta wallafa tana ɗorawa a taswira, kowa na turo hoton ƙofar gidansa ana gwadawa da abin da ke rubuce. Teloli, 'yan dako, har masu zaman Legas duk suna ciki.

Wata safiya ta same ni a zaure.

"Baba, lungun bayanku fa babu shi a takardar gwamnati ko sau ɗaya. Sai ka ce aljanu ne a ciki. In ba mu san dalili ba, cewa za su yi an duba ba a ga matsala ba."

"Malama, zauna. Dalilin ne ke miki magana."

Ban iya rubutu da sauri ba, sai ta nuna mini inda zan danna in tura saƙon murya a guruf ɗin. Sau uku ina farawa ina gogewa. Na huɗun na faɗi komai, na nemi gafara.

Wata dattijuwa a lungun ta amsa: "Malam, da ma don kunya ka bar mu a ruwa? Allah ya yafe mana. Amma ruwan bai kai furar da ka hana mu sayar wa baƙin ciwo ba." Aka yi ta dariya. Wani da ɗakinsa ya rufta a lungun ya fice daga guruf ɗin, kuma ban ga laifinsa ba.

Malama ta zana lungun, gida-gida, ta haɗa da bayanina ta kai ƙaramar hukuma. Makon jiya injiniya ya zo ya auna. Ba a fara haƙa ba tukuna, amma an ba lungun lamba a jerin ayyukan gwamnati, kuma mutanen ciki sun gani a wayoyinsu.