Muryar Abokina a Cikin Injin Aikin Wuya

Shekarun baya, lokacin da gashina bai gama yin fari ba, na sayi injin aikin wuyan riga irin wanda kwamfuta ke tuƙawa, na kafa shi a shagona da ke Kambarawa. Ni kuwa karatun bokona a aji uku ya tsaya, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Abokina na ƙuruciya, wanda ya yi karatun kwamfuta mai zurfi, shi ya rubuta mini manhajar da ke ba injin umarni. Da yake ya san ba na iya karanta abin da ke kan gilashin kwamfuta, sai ya naɗi muryarsa ya saka a ciki. In zare ya tsinke, sai ka ji, "Kai sarkin surutu, duba zarenka."

Allah ya yi masa rasuwa. Damina ta gaba tsawa ta faɗo unguwarmu, kwamfutar ta ƙone ƙurmus. Ga Sallah ta ƙarato, ga shaddodin mutane jibge, kuma injin ba ya jin kowa sai wannan manhajar.

Wani mai gyara ya samo rubutun manhajar a wurin iyalan mamacin, ya yi ta ƙoƙarin harhaɗa ta. Yau ta ƙi tashi, gobe ta tashi aikin ya fito a karkace. Ya ce kayan haɗin da ake samu yanzu sun canza, ba na zamanin marigayi ba ne. Shago ya daɗe a kulle.

Sai ɗiyar abokina ta zo hutu. Ita ma aikin ubanta ta gada. Bayan mun gaisa, na sake yi mata gaisuwar rashi, ta buɗe sabuwar kwamfuta ta nuna mini wani ɗan fayil, rubutun da ubanta ya bari.

Ta ce, "Baba, a nan ya faɗi duk abin da manhajar ke buƙata, kowane da irinsa da zamaninsa. Ba ni zan haɗa ba. Akwai wata manhaja da za ta karanta, ta ɗebo su daga intanet, ta gina abin yadda ya bar shi. Ko a ina aka gina, abu ɗaya zai fito."

Na ce, "Kamar dai a ba tela awon mutum bayan an binne shi?"

Ba ta yi dariya ba.

Da hantsi ne, rana tarwai. Rubutu ya yi ta gudu a gilashi shi kaɗai, babu hannun kowa a kai. Da ya tsaya ta gwada wata doguwar lamba da ta fito, shaidar abin da aka gina, da wadda ubanta ya bari, ta ce sun yi daidai. Ta haɗa da injin, ta kunna.

Sai aka yi gyaran murya. Gyaran muryarsa, wanda yake yi kafin ya zolaye ni.

"Ina ka shige tsawon wannan lokaci? Wallahi na ɗauka ka mutu."

Ban taɓa jin wannan maganar ba. Kwamfutar nan kuma bai taɓa ganinta ba a duniya. Ni da nake cika baki a majalisa cewa ba na tsoron komai, sai ga ni a bakin titi, takalmi ƙafa ɗaya, ina ta a'uzubillahi.

Da na lallaɓo na dawo, na tarar da ita zaune, idonta ya yi ja. Ta bincika rubutun, ta ce tun farko ya ɗana maganar, sai an daɗe ba a kunna injin ba take fita. Ta tambaye ni ko ta cire.

Na ce, "In kin cire, lambar nan za ta yi daidai?"

"A'a, Baba. Ta zama tawa ke nan, ba tasa ba."

"To bar mini kayana."

Rigunan Sallah sun fita a kan lokaci, aikin wuya tsaf kamar yadda aka saba.

Har yau nakan yi tunanin mutumin nan. Mu mun saba mu bar aiki a ka, in mun tahi ya bi mu. Shi ya tsara nasa yadda ko ba ya nan zai sake tashi, har da iskancinsa.

Tun daga ranar ban yarda injin ya kwana biyu a kashe ba, ko ba aiki sai na kunna shi. Amma na san wata rana za a rufe shagon nan a yi zaman makoki. In an share makoki, wani cikin 'ya'yana zai zo ya kunna. Ranar dai abokina zai yi gaskiya.